Yankan Bututu a Wurin Gini: Kada Mu Kira Sakaci Tsautsayi



Kwanakin baya waɗansunmu sun je gaisuwa asibiti wurin wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikin ƙananan ikkilisiyoyinmu, wanda ya shekara uku yana koyon aikin famfo. An kai shi aiki wani gini a birni. Ubangidansa ya miƙa masa ƙaramin injin yankan ƙarfe na hannu, ya ce ya datse masa bututu. Injin ba shi da murfin kariya, gama an daɗe da cire shi domin a sa masa faifan da ya fi ƙarfinsa. Yaron ya taka bututun da ƙafa, ya riƙe ɗaya gefen da hannun hagu, ya kunna inji da dama. Kafin bututun ya rabu sai faifan ya maƙale, injin ya yi tsalle ya sauka masa a wuyan hannu. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, hannun yana nan, amma yatsu biyu ba su lanƙwasuwa kuma. Ɗan kwangilar ya biya kuɗin ranar farko, daga nan wayarsa ta daina shiga. Sauran kuɗin daga baikon taimako da aljihun 'yan'uwa ya fito.

Duk wanda ya shigo ɗakin abu ɗaya yake faɗi: "Sannu, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Mu ma haka muka faɗa, domin kalmar ta'aziyya ce, kuma a gefen gadon mara lafiya ba a yin shari'a. Amma a wannan shafi ya zama dole mu faɗi abin da ba mu faɗa a can ba. Wani ne ya cire murfin nan da hannunsa. Wani ne ya sa faifan da bai dace ba. Wani ne ya ba ɗan koyo inji bai nuna masa yadda ake tallafe bututu ba. Abin da mutum ya san sanadinsa, yana kuma da ikon hana shi, sunansa sakaci. Muddin muna kiransa tsautsayi, za mu ci gaba da zagaya faranti muna tara kuɗin asibiti, ba kuwa wanda zai gyara halinsa.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Yawancin ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, kuma matasanmu da yawa da aikin hannu suke ci: leburanci, birkila, walda, aikin famfo, haɗa wutar lantarki. Da an gama girbi sukan nufi Abuja, Kaduna, Jos da Kano neman aikin gini. Hannunsu da idonsu ne jarinsu. Idan mutum ɗaya ya nakasa a ikkilisiyar da ba ta wuce gida ashirin ba, kowa sai ya ji a jikinsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara saboda hatsari da cututtukan wurin aiki, wajen miliyan 395 kuma suna jin rauni. Namu suna cikin wannan lissafi, ko da ba wanda ya rubuta sunayensu.

Yadda injin yake cin mutum

Bari mu fara da sanin abin da ake riƙewa a hannu. Ƙaramin injin da aka fi gani a wuraren gini, mai faifan inci 4 da rabi, yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, wato fiye da sau 180 kafin ka ƙifta ido ka ƙirga ɗaya. Bakin faifan yanka an yi shi ne domin gudun da bai wuce mita 80 a daƙiƙa ba, kusan kilomita 290 a sa'a ke nan. Kaurin faifan kuwa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan ya fashe, gutsattsarinsa da wannan gudu suke fita, kuma fuska, wuya da ƙirjin mai aiki ne a gabansu.

Babban faifai mai inci 9 iyakarsa wajen juyi 6,600 a minti. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ramin tsakiyarsa daidai yake da na ƙarami, don haka yana shiga ƙaramin inji lafiya lau idan an cire murfi. Wanda ya yi haka ya yi kuskure biyu a lokaci guda: ya sa faifan gudun da ya kusa ninka abin da zai iya ɗauka, ya kuma kawar da ƙarfen da zai tare gutsattsarin. A jikin kowane faifai na kirki an rubuta iyakar gudunsa, a zoben ƙarfen tsakiya kuma akwai watan da shekarar da zai lalace, yawanci shekara 3 daga ƙera shi, domin ƙaron da ya haɗa shi yana raunana da daɗewa da laima. Faifan da ya faɗi ƙasa, ko ya tsage, ko ya kwana cikin ruwa, na jefarwa ne. Faifan yanka kuma ba na goge ƙarfe da gefe ba ne, akwai mai kauri da aka yi domin wannan.

Bututu yana da nasa halin da ya sa ya fi sandar ƙarfe haɗari. Zagaye yake, yana mirginawa. Idan an ɗora shi a kan bulo biyu aka yanka a tsakiya, nauyinsa yakan sa ya lotsa, bakin yankan ya rufe ya cije faifan. A nan ne injin yake bugowa baya da ƙarfin da hannu ɗaya ba ya iya riƙewa. Hanyar da ta dace ita ce a damƙe bututun da abin matsi a kan benci, a tallafe shi yadda guntun da za a cire zai faɗi waje, bakin yanka ya buɗe. A riƙe inji da hannu biyu, da mariƙinsa na gefe a ɗaure, mai aiki kuma ya tsaya a gefe, kada jikinsa ya yi layi ɗaya da faifan. Bututun da ke binne a rami ko a cikin bango sau da yawa a matse yake, da an datse shi yakan yi tsalle, ga shi kuma a cikin rami ba wurin kaucewa.

Akwai kuma abin da ke cikin bututun. Wani yana ɗauke da ruwa mai ƙarfi, wani wayar lantarki ce a ciki, wani ya taɓa ɗaukar fetur, gas ko man dizal. Tururin mai yakan daɗe a cikin bututu ko tanki bayan an tsiyaye shi, tartsatsi ɗaya kuwa ya isa. Kada kowa ya yanka bututun da bai san daga ina ya fito da inda ya nufa ba.

Sa'an nan ga halin wutarmu. Ana cikin yanka sai wuta ta ɗauke, ko janareta ya mutu. Mai aiki ya ajiye inji a ƙasa bai kashe makunnin ba, ya je shan ruwa. Da wuta ta dawo sai injin ya tashi da kansa yana gudu a ƙasa tsakanin ƙafafun mutane masu silifa. Ga tsirarar waya da ake cusawa a soket da tsinken ashana, ga mai yanka yana tsaye cikin ruwan da ya zuba daga bututun. Duka waɗannan mun gan su da idonmu, wasu ma a filin majami'unmu.

Ya kamata a sani kuma, ba kowane bututu ne yake bukatar inji ba. Bututun roba akwai almakashinsa, ko zarto ya wadatar. Ƙaramin bututun ƙarfe akwai abin yanka mai ƙaramar ƙafa da ake zagaya shi da hannu ana matsewa, ba tartsatsi, ba ƙara. Zarton ƙarfe yana cin lokaci, amma minti goma na gumi bai kai wata uku a gado ba.

Raunin da ba ya fid da jini

Raunin da ya zub da jini kowa yana ganinsa. Akwai waɗanda sai bayan shekaru suke bayyana, lokacin da an manta da ginin da wanda ya ba da aikin.

Na farko shi ne ido. Ɗan ƙanƙanin ƙarfe mai zafi yakan manne a kan baƙin ido, cikin sa'o'i kaɗan ya fara tsatsa a wurin. Mutum ya yi ta murzawa, abokin aiki ya zo da tsinke ko bakin ƙyalle ya ce zai cire masa, wani ya ɗiga ruwan sukari ko nono. Daga nan ƙwayoyin cuta su shiga, tabo ya zauna a tsakiyar ido, gani ya ragu har abada. Baƙin tabarau na kwalliya ba kariya ba ne, fashewa yake yi ya ƙara ɓarna.

Na biyu shi ne huhu. Manyan bututun kankare, da bulo da bango da ake tsagawa domin binne bututu, suna fid da ƙura mai laushi ta yashi wadda ake kira silika. Tana zama a huhu ta mai da shi tauri, cutar ba ta da magani, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Mafi muni shi ne tsohon bututun siminti mai haɗin asbestos, irin wanda aka shimfiɗa a layukan ruwan garuruwa da yawa a shekarun baya, wanda har yau ake cin karo da shi wajen haƙa da gyara. Idan an yanka shi da inji a bushe, zaruruwan da ido ba ya gani suna tashi, a shaƙe su, a kuma kai su gida a jikin tufafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa kowane irin asbestos yana jawo ciwon daji, ciwon kuwa yakan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ya nuna kansa. Saurayin da ya shaƙa yana ɗan shekara 20, sai yana da 'ya'ya a makaranta abin zai tashi. Irin wannan bututu ba aikin lebura da inji ba ne sam. Kankare kuwa a jiƙe ake yanka shi, da injin da aka yi domin aiki da ruwa, tare da takunkumi na ainihi mai tace ƙura, irin mai lamba N95 ko wanda ya fi shi. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura.

Farin bututun ƙarfe mai rufin zinki, idan an yanka shi da wuta ko an yi masa walda, yana fid da farin hayaƙi. Wanda ya shaƙa yakan kwana da zazzaɓi, rawar sanyi da ciwon jiki, har ya ɗauka cizon sauro ne ya sayi magani. Yawanci yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma gargaɗi ne cewa ana aiki a inda iska ba ta ratsawa. Madarar gwangwani da masu walda suke sha bayan aiki abinci ce mai kyau, sai dai ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu ya shiga, ba sa haɗuwa. Haka kuma ƙona bakin bututun roba a wuta domin a buɗa shi yana fid da hayaƙi mai ƙuna ga ido da maƙogwaro.

Na uku shi ne kunne. Ƙarar da ta wuce ma'auni 85 tana lalata ji idan an daɗe cikinta, injin nan kuwa a kan ƙarfe yakan kai wajen 100. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ku duba tsofaffin masu walda a cikinmu, nawa ne sai an ɗaga murya kafin su ji gaisuwa?

Sa'ad da abin ya riga ya faru

Mintocin farko suna da nauyi ƙwarai, a nan ne kuma muke yawan ƙara ɓarna da kyakkyawar niyya. Da farko a cire wuta daga soket. A danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Idan ƙyallen ya jiƙe a ƙara wani a kai. Idan jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a lura da lokacin da aka ɗaure domin a gaya wa likita, kada kuma a kwance a hanya. Kada a zuba fetur, baƙin mai, man birki, ruwan batir, ƙasa ko toka a rauni. Ba ɗayansu da ke warkarwa, ƙona nama suke yi su shigar da datti.

Idan yatsa ya guntule kada a bar shi a wurin. A naɗe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sa'an nan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Ba kullum ake iya mayar da shi ba, amma likita ne zai yanke wannan hukunci, saurin isa asibiti kuma shi ne rabin aikin. Idan gutsuren faifai ya nitse a jiki ko a ido, kada a zare shi. A rufe idon da wani abu mai zurfi kamar gindin kofin roba yadda ba zai danne shi ba, a tafi asibiti a ranar. Duk wanda ƙarfe ya yanka a tambayi likita batun allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora.

Raunin jijiyar hannu da na ido ba na kemis ba ne, ba kuma na mai ɗori ba. Jijiyar da aka ɗinke fata a kanta ba a haɗa ta ba, yatsan ya tafi ke nan. A nemi babban asibiti mafi kusa, su kuma za su tura gaba idan da bukata. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano. A kuma sani, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda yake cikin halin gaggawa, ko da wane dalili.

Abin da doka ta tanada

Mutanenmu da yawa suna ɗauka cewa abin da ɗan kwangila ya ga dama ya bayar alheri ne, sai godiya. Ba haka doka ta ce ba. A Disamba 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Hukumar NSITF ce take riƙe da asusun. Mai ba da aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata, kuma an hana shi cire wannan kuɗi daga ladan ma'aikaci.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne wanda dokar ta kira ma'aikaci. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da mai aikin yini, da ɗan koyo. Diyyar kuma ba ta rataya ga sai an tabbatar da laifin mai aikin ba, abin dubawa shi ne raunin ya faru a cikin aiki ko ta dalilinsa. Ta ƙunshi kuɗin magani, da biyan wata-wata ga wanda ya nakasa, da tallafi ga iyalin wanda ya rasu, har da cututtukan da aiki ya jawo. Yarjejeniyar da za a sa ma'aikaci ya yafe wannan hakki ba ta da ƙarfi a gaban doka.

Akwai wa'adi da ya kamata kowane dattijo ya riƙe. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, su sanar da mai aikin cikin kwana 14. Mai aikin ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara ɗaya. Don haka a rubuta ranar da abin ya faru, da wurin, da sunayen waɗanda suka gani. A ɗauki hoton injin da raunin da waya. A adana katin asibiti da kowane rasit.

Ba za mu ruɗe ku ba, ƙananan 'yan kwangila da yawa ba su yi rajista ba, bin hakki kuma yana cin lokaci da kuɗin mota. Lebura shi kaɗai, da hannu a naɗe, ba zai iya ba. Amma idan dattawa biyu da wani ɗan'uwa mai ilimin takarda suka raka shi wurin mai aikin, suka kuma je ofishin NSITF ko na Ma'aikatar Ƙwadago na jiharsu, maganar takan canza. Wannan ba neman faɗa ba ne. Mu da muke 'yan kaɗan a wurare da yawa mun saba da yin shiru domin a zauna lafiya, amma hakkin da doka ta ba kowane ɗan ƙasa, nemansa cikin ladabi ba ya ɓata zaman lafiya.

Mu ne iyayen gidan aikin

Da sauƙi mu ɗora laifin duka a kan manyan kamfanoni da gwamnati. Gaskiya ne masu duba wuraren aiki ba su isa ko'ina ba. Amma mu tambayi kanmu, wa yake ba yaranmu aiki? Sau da yawa ɗan'uwa ne da muke zama benci ɗaya da shi ranar Lahadi. Maigidan da ke koya wa yara aikin famfo memba ne. Ƙaramin ɗan kwangilar da ke kwasar matasa zuwa birni, wani lokaci dattijo ne. Kwamitin gini da ke jan ruwa zuwa gidan fasto, ko kafa ƙarfen tankin rijiyar burtsatse, ko yin rumfar majami'a da aikin gayya, namu ne. A waɗannan wurare ba sai mun jira gwamnati ba.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce kayan kariya da tsada, tabarau yana yin gumi a zafin rana, murfi yana hana inji shiga lungu, leburan da ya ce ba zai yi ba kuma akwai goma a bakin ƙofa masu jiran gurbinsa. Maganar ƙarshen nan gaskiya ce mai ɗaci, ita ce ma dalilin da ya sa ba mu ɗora nauyin a kan yaron ba. Wanda yake neman abin da zai ci yau ba shi da bakin ƙin aiki. Mai inji da mai biyan kuɗi su ne suke da iko, saboda haka su ne suke da alhaki. Batun tsada kuwa, a kwatanta kuɗin tabarau da abin toshe kunne da kuɗin kwana ɗaya a ɗakin tiyata. Inda inji mai murfi ba ya shiga, wurin zarto ne.

Saboda haka muna roƙon majalisun dattawa da kwamitocin gini su ɗauki waɗannan matakai.

Na ɗaya, a kowane aikin gini na ikkilisiya, kada a kunna injin da ba shi da murfi da mariƙin gefe. A sa kuɗin tabarau na kariya, garkuwar fuska, takunkumi, abin toshe kunne da akwatin taimakon farko cikin kasafin ginin tun daga farko, kamar yadda ake sa siminti da rodi. A naɗa mutum ɗaya mai ikon tsayar da aiki, ko da ran wani zai ɓaci. A ranar gayya kada a bar yara da masu kawo abinci kusa da inda ake yanka, kada kuma a miƙa inji ga wanda ba sana'arsa ba ce don kawai yana da ƙarfi da niyya.

Na biyu, iyayen gida masu 'yan koyo, kada ku ba yaro inji sai kun tsaya a kansa kun ga ya iya ɗaura faifai, ya iya karanta abin da ke jikinsa, ya iya tallafe bututu, ya kuma saba cire wuta kafin ya taɓa faifan. Iyayensa amana suka ba ku. Idan ya ji rauni a hannunku kada ku ɓuya. Iyaye kuma, kafin ku miƙa ɗanku, ku je ku ga wurin da idonku, ku tambaya.

Na uku, ƙungiyoyin matasa da zumuntar maza su keɓe yamma ɗaya kafin tafiya cin rani, a gayyaci gogaggen mai sana'a da ma'aikacin jinya daga cikinmu su nuna waɗannan abubuwa a aikace, da inji da bututu a gaban kowa. Ranar 28 ga Afrilu, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya take kiyayewa tun 2003 domin lafiyar ma'aikata, ita ma lokaci ne mai kyau na tunasarwa. Zumuntar mata kuma, ku da kuke jinya idan abin ya faru, kuna da bakin tambayar mazajenku da 'ya'yanku ina tabarau ɗinsu kafin su fita da safe.

Na huɗu, kowace gunduma ta sami mutum biyu ko uku da suka san dokar diyya da inda ofisoshin suke, a sanar da ikkilisiyoyi sunayensu, domin kada kwana 14 su wuce ana ta gaisuwa ba a rubuta kome ba.

Ga ku matasa masu riƙe injin, kalma ɗaya. Sa tabarau ba tsoro ba ne, abokin da ya yi maka dariya kuma ba shi ne zai ciyar da iyalinka ba. Ka bar riga mai reto da silifa a gida. Idan ka gaji, ko ka sha wani abu domin ƙarin ƙarfi, kada ka kusanci injin. Rigakafi ya fi magani.

Saurayin da muka fara maganarsa ya koma gida. Yana koyon riƙe sifana da sauran yatsunsa, 'yan'uwa kuma suna shawarar yadda za a kafa masa ɗan shagon sayar da kayan famfo. Mun gode wa duk waɗanda suka ba da hannu, za mu kuma ci gaba da taimakon kowane ɗan'uwa da ya shiga irin wannan hali. Amma muna roƙon kowane dattijo da ya karanta wannan shafi ya kai maganar zaman majalisa na gaba, kowane maigida kuma ya duba injinsa a wannan mako, idan an cire murfin ya nemo shi ya mayar.

Allah ya kiyaye fitarku da shigarku, ya sa albarka a aikin hannuwanku.

Edita